"Tasa Ta Ƙare": Yadda Sarar Ingilishi Ke Yanke wa Mutum Hukunci

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban harsuna, fassara da aikin jarida



Mai girma shugaban wannan zama, shugaban sashe da sauran malamai abokan aikina, iyayenmu da suka bar harkokinsu suka zo, ƙannena ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da war haka. Ina godiya ga shugabannin ɗalibai da suka gayyace ni, suka kuma bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kansa. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Abin da na zaɓa shi ne kalmomin da masu jin Ingilishi ke amfani da su a hirarsu ta yau da kullum idan suna so su ce wani tasa ta ƙare: daga ina kalmomin suka fito, me suke nufi, kuma a wane bigire ake faɗar su. Na san akwai wanda zai ce a ransa, "Malam, duk faɗin Ingilishi, ga nahawu ga adabi, ka rasa abin ɗaukowa sai maganar bakin titi?" Amsata ita ce, mafi yawan Ingilishin da ke shiga kunnuwanku a yau ba daga aji yake zuwa ba. Daga fim yake zuwa, da sharhin ƙwallo, da kanun labarai, da TikTok da Facebook da WhatsApp. Wanda ya iya Ingilishin aji kaɗai zai karanta jimla, ya san kowace kalma da ke cikinta, amma maganar ta wuce shi.

Abu ɗaya nake so ku fita da shi daga wannan ɗaki. Kowace irin wannan kalma tana da ma'ana, tana da nauyi, tana kuma da bakin da ta dace da shi. Ƙamus zai ba ku ma'anar. Nauyin da bakin kuwa sai kun nema da kanku. Zan kasa maganar gida bakwai.

Na ɗaya: mece ce sara, kuma wane hali muke magana a kai?

Masana Hausa suna kiran irin wannan magana sara: kalma ko furucin da wani rukunin jama'a, galibi matasa, ke yayi. Takan yi tashe na wani lokaci. Wata ta mutu tare da zamaninta, wata kuma ta zauna har ta shiga ƙamus, jikoki su gaje ta ba su san daga titi ta fito ba. Ita ce Turawa ke kira "slang".

Halin da muke magana a kansa kuwa shi ne na mutumin da bai mutu ba, ba a kore shi ba tukuna, alƙali bai yanke hukunci ba, amma duk mai ido ya ga inda aka dosa. Ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa bai buɗe littafi ba. Ministan da jaridu suka bankaɗo badaƙalarsa, shugabansa kuma ya yi gum. Kocin da aka ci ƙungiyarsa wasa biyar a jere. Ingilishin littafi yana kiran irin wannan mutum "doomed". Kalmar tsohuwa ce, kuma tana da nauyi, domin tushenta a tsohon Ingilishi yana nufin hukuncin shari'a. Daga gare ta aka sami "Doomsday", wato ranar hisabi. Kundin ƙididdigar filaye da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a Ingila a 1086 ma daga baya mutane suka raɗa masa suna "Domesday Book", saboda abin da aka rubuta a cikinsa ya zauna, babu ɗaukaka ƙara. To, duk kalmomin da za mu gani yau wannan hukuncin suke ɗauke da shi, sai dai sun sa masa rigar raha.

Mu ma ai ba baƙi ba ne a wannan fage. Muna cewa tasa ta ƙare, kashinsa ya bushe, ya shiga uku, dubunsa ta cika, ya kaɗe har ganyensa, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Amma ku tambayi kanku, duk ɗaya ne? Ɓarawon da aka daɗe ana nema shi ne dubunsa ke cika. "Na shiga uku" mutum da kansa ke faɗa, hannu bisa kai. "Yau kashinka ya bushe" kuwa wa ne ke faɗa wa ƙanensa da ya fasa gilashin motar baba. Idan kunnenku yana jin wannan bambanci a Hausa, to kuna da mabuɗin. Abin da ya rage shi ne ku koya wa kunnen jin sa a Ingilishi.

Na biyu: kalmomin da suka fito daga murhu.

Da dama daga cikin waɗannan kalmomi a madafa aka haife su, kuma dalilin a fili yake. Ku tsaya gaban teburin mai shayi da safe, ku dubi yankan burodin da ya ɗora a kasko. Muddin yana leda, ana iya mayar da shi, ana iya ajiye shi sai gobe. Da zarar ya yi ja, gefensa ya fara baƙi, magana ta ƙare: ko dai a ci, ko a zubar. Abin da wuta ta taɓa ba ya komawa ɗanye. Wannan shi ne tunanin da ke ƙarƙashin kalmomi huɗun da zan kawo.

Ta farko ita ce "toast". Asalin ma'anarta gasasshen burodi. Idan Ba'amurke ya ce wa abokinsa "You're toast", yana nufin taka ta ƙare. Masu bin diddigin kalmomi, har da masu babban ƙamus na Oxford, suna danganta wannan amfani da fim ɗin barkwanci na Ghostbusters da ya fito a 1984. A ƙarshen fim ɗin, jarumai sun yi arba da wata halitta mai siffar mace a kan rufin wani dogon bene a birnin New York. A rubutaccen labarin, an tsara ɗan wasa Bill Murray zai ce zai mayar da abokin gabar gasasshen burodi. Da aka zo ɗauka sai ya taƙaita, ya ce kawai ita ɗin "toast" ce. Ku duba ikon Allah: furucin da ɗan wasa ya gyara a gaban kyamara, yau shi ne a bakin 'yan siyasa da manyan editoci.

Ta biyu ta girme ta da fiye da shekara ɗari: "His goose is cooked", wato an dafa dinyarsa. A 1850 Fafaroma Pius na Tara ya maido da tsarin bishop-bishop na cocin Katolika a Ingila, ya naɗa Nicholas Wiseman babban bishop na Westminster. Ƙasar ta ɗauki zafi, mawaƙan titi suka shiga rera waƙoƙin adawa suna sayar da su a takarda. Ɗan jarida Henry Mayhew, wanda ya bi lungunan Landan yana rubuta rayuwar talakawanta, ya kawo ɗaya daga cikin waƙoƙin a littafinsa na 1851, kuma a cikinta ana barazanar dafa dinyar Fafaroma da ta Wiseman. Wannan ya nuna mana furucin yana bakin talakawan Landan tun a lokacin.

A nan bari in ɗan ratse. Za ku ci karo da labarin wai wani Sarki Eric na Suwidin ne ya yi wa wani gari ƙawanya, mutanen garin suka rataye dinya a ganuwa don su raina shi, shi kuma ya cinna wa garin wuta ya ce ya zo dafa musu dinyarsu. Labari ne mai daɗi, amma babu wata hujja ta tarihi da ke bayansa. Ɗalibin harshe ya riƙe wannan: idan labarin asalin kalma ya cika daɗi, a nemi shekara, a nemi takarda.

Ta uku ita ce wadda na tabbata tana cikin wayoyinku yanzu haka: "cooked", dafaffe. 'Yar'uwar dinyar nan ce, ta daɗe a harshen, amma a 'yan shekarun nan matasa suka sake tayar da ita a TikTok da sauran kafofin sada zumunta. Daren jarrabawa, ƙarfe ɗaya saura, wani ya tura hoton babin da bai karanta ba a zauren WhatsApp na aji, ya rubuta a ƙasa, "I'm cooked", ya bi ta da alamar ƙoƙon kai. Cikin minti biyu mutum goma sun amsa da irin tasa. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya yi fushi. Kuka ne na raha, kuma yana rage fargaba saboda kowa ya ga ba shi kaɗai ba ne.

Ta huɗu ita ce "dead meat", mataccen nama. Wannan ta fi sauran kaifi, domin galibi barazana ce. Zan dawo kanta.

Kafin mu bar murhu, akwai wanda na ga yana motsa baki, na san abin da ya tuna: "ya ɗebo ruwan dafa kansa". Gaskiyarka, mu ma mun shiga madafa. Amma ka lura, tamu tana ɗora laifin a kan mutumin, shi ya janyo wa kansa. "Cooked" ba ta damu da wanda ya hura wutar ba. Ta ga dai an dafu.

Na uku: kalmomin gidan yari da fagen siyasa.

A nan raha ke raguwa. "Dead man walking", wato gawa mai tafiya, daga gidajen yarin Amurka ta fito, inda ake alaƙanta ta da kiran da gandirobobi ke yi idan za a wuce da wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Abin da ya fito da ita duniya shi ne littafin Helen Prejean, wata sista ta cocin Katolika da ta riƙa ziyartar masu jiran kisa a jihar Louisiana tana yi musu nasiha. Littafin ya fito da wannan suna a 1993, aka mayar da shi fim a 1995, Susan Sarandon ta sami kyautar Oscar da shi. Daga nan 'yan jarida suka ɗauki furucin suka kai shi ofisoshi da filayen wasa da majalisu.

Ga misalin da ya kamata kowane ɗalibin jarida ya sani. A ranar 8 ga Yunin 2017 aka yi zaɓe a Birtaniya. Firaminista Theresa May ce ta kira zaɓen da kanta kafin lokacinsa, da nufin ƙara yawan kujerunta, sai reshe ya juye da mujiya, jam'iyyarta ta rasa rinjayen da take da shi a majalisa. Ranar Lahadi 11 ga wata, George Osborne ya bayyana a shirin Andrew Marr na talabijin ɗin BBC. Wane ne Osborne? Tsohon ministan kuɗi ne, ɗan jam'iyyarta, wanda ita ta sallama daga muƙami a 2016, a lokacin kuma yana editan jaridar Evening Standard. Ya dubi kyamara ya kira ta "dead woman walking". Kafin rana ta faɗi, furucin ya zagaye duniya. To me ya faru? Ta ci gaba da mulki har Yulin 2019, fiye da shekara biyu. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

Akwai kuma "dead duck", matacciyar agwagwa, wadda ta daɗe a siyasar Amurka. A ranar 22 ga Fabrairun 1866 Shugaba Andrew Johnson ya tsaya gaban taron jama'a a Washington yana lissafa manyan abokan hamayyarsa da suna. Wani daga cikin taron ya ɗaga murya ya ambaci John Forney, ɗan jarida kuma sakataren majalisar dattawa. Johnson ya amsa da cewa shi ba ya ɓarnar harsashinsa a kan matattun agwagi. Kun ga inda zafin yake? Bai zage shi ba, bai yi masa barazana ba. Cewa ya yi mutumin bai ma kai a harbe shi ba. Shekara biyu bayan haka Johnson ɗin da kansa ya sha da ƙyar a shari'ar tsige shi, da ratar ƙuri'a ɗaya a majalisar dattawa.

Kada ku rikita ta da "lame duck", gurguwar agwagwa. Wannan ta faro ne a kasuwar hannun jari ta Landan a ƙarni na 18, ana kiran dillalin da ya kasa biyan bashi da ita. Yau kuwa ana nufin shugaban da wa'adinsa ke dab da cika, an riga an zaɓi magajinsa, kowa ya juya wa sabon fuska. Gurguwa tana nan a kujera, ƙarfi ne babu. Matacciya kuwa an gama da ita.

Na huɗu: sauran kafofin, a taƙaice.

Daga dandamalin wasan kwaikwayo aka sami "It's curtains for him": an saki labule, wasa ya tashi. Daga teburin karta aka sami "kaput". Faransawa suna da wani wasan karta da ake kiran wanda bai ci ko zagaye ɗaya ba "capot". Jamusawa suka ari kalmar da ma'anar lalacewa, Ingilishi ya aro daga Jamusanci, yaƙin duniya na ɗaya ya ƙara yaɗa ta. An fi faɗar ta ga inji ko shiri ko kasuwanci. "His number is up" tana kusa da tamu ta kwana ya ƙare, ko dubu ta cika. "A goner" daga aikatau na tafiya aka gina ta, wato tafiyayye, kuma tun ƙarni na 19 ake jin ta. Ita ce wanda ya tsira daga haɗarin mota ke faɗa: na ɗauka tafiyata ke nan. "You're history" na nufin ka zama labari. "Up the creek without a paddle" kuwa mutum ne a tsakiyar rafi, ga kwalekwale babu abin tuƙi: yana cikin tsaka mai wuya, amma da sauran numfashi.

Na biyar: ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana.

A nan ne masu koyo suka fi zamewa, don haka ina roƙon ku buɗe littattafan rubutunku.

"He is toast" na nufin tasa ta ƙare. "He is the toast of the town" na nufin shi ne gwarzon gari, kowa yabonsa yake yi, domin "toast" tana da wata tsohuwar ma'ana ta ɗaga kofi a wurin liyafa don girmama wani. 'Yar ƙaramar "the" ce ta raba wanda aka gama da shi da wanda ake yi wa tafi. Mu kuma a Nijeriya mun ƙara mata ma'ana ta uku. Wa a cikinku bai san abin da ake nufi ba idan aka ce saurayi yana "toasting" wata yarinya? Na ji dariya daga baya, ashe an sani. Tsara ta yake yi, yana neman soyayyarta. Wannan Ingilishin Nijeriya ne, kuma halastacce ne a muhallinsa. Ƙamus na Oxford ma a Janairun 2020 ya shigar da kalmominmu da dama, ciki har da "Kannywood" da "okada". Amma mutumin Chicago bai san "toasting" da wannan ma'ana ba, kamar yadda kai ma za ka iya jin "you're toast" ka ɗauka zancen soyayya ne.

Haka "He cooked" da "He is cooked". Ta farko yabo ce a bakin matasa: ya yi bajinta, ya burge. Idan sun ce "Let him cook" suna nufin a ƙyale shi, ya san abin da yake yi. Ta biyu kuwa shi ne a cikin tukunya. Tambayar kullum ita ce, shi ya dafa ko shi aka dafa?

"I'm done" na nufin na gama. "I'm done with him" na nufin na yanke hulɗa da shi. "I'm done for" na nufin tawa ta ƙare. Ɗalibar da ta kammala jarrabawa ta miƙa takarda ta ce wa malamin "I'm done for", ta faɗi akasin abin da ke ranta. Sai kuma "I'm dead" a bakin matasan intanet, wadda sau da yawa ke nufin dariya ta kusa kashe ni. Wannan kam ba ta yi mana nisa ba, mu ma mukan mutu da dariya.

Na shida: wa ke faɗa, wa ake faɗa wa?

Wannan shi ne zuciyar laccar. Kalma ɗaya tana da fuska uku gwargwadon wanda aka nufa da ita. Idan mutum ya faɗa wa kansa, "I'm toast", raha ce da neman tausayi. Idan ya faɗa game da wani da ba ya nan, "He's toast", hasashe ne ko gulma. Idan ya dubi mutum ido da ido ya ce "You're toast", tsakanin abokai wasa ne, tsakanin baƙi kuwa faɗa ne.

"You're dead meat" da "You're a dead man" su ne mafi haɗari. A fim, yara 'yan makaranta na faɗa wa juna, mu yi dariya. A saƙon waya zuwa ga wanda kuke rigima da shi, babu murmushi a rubutu, babu sautin murya. Abin da zai rage a allon shi ne barazanar kisa. A Ingila da Wales, yi wa mutum barazanar kisa da nufin ya ji tsoron za a aikata laifi ne da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 10. Kuma jami'i ba ya karanta sara da idon abokinka. A Janairun 2012 an hana wasu matasa biyu da suka taso daga Birtaniya shiga Amurka a filin jirgin saman Los Angeles, saboda ɗayansu ya rubuta a Twitter cewa zai je ya "destroy" Amurka. Ya yi bayanin cewa a sararsu shagali yake nufi. Bayanin bai hana a mayar da su gida ba. Ƙannena masu burin karatu a waje, abin da kuke rubutawa a yau yana nan ajiye.

Sai batun ladabi. "Done for" da "a goner" ana iya faɗar su gaban kowa. "Toast" da "cooked" na abokai ne da sa'o'i. "Screwed" Amurkawa na faɗar ta barkatai, amma tana da ƙanshin batsa a ƙarƙashinta, ba ta shiga wasiƙar neman aiki, ba ta shiga gaban surukai. Akwai waɗanda suka fi ta muni, kuna jin su a fina-finai, ba zan furta su a gaban iyayenmu ba. Ma'aunin da zan ba ku mai sauƙi ne. Za ka iya duban shugaban sashenku ka ce masa "Malam, kashinka ya bushe"? To wanda ba za ka iya faɗa wa wannan da Hausa ba, kada ka faɗa masa 'yar'uwarta da Ingilishi. Baƙon harshe ba ya ɗauke rashin kunya, ɓoye maka ita kawai yake yi.

Akwai kuma inda sara ba ta da wurin zama ko kaɗan: gaban majinyaci, gidan makoki, wurin wanda aka kora daga aiki yana da iyali. Kalmomin nan an gina su ne don a yi wa abin tsoro dariya. Mai abin ne ke da ikon yi wa halinsa dariya. Na gefe ba shi da wannan iko.

Na bakwai: aikin mai fassara da ɗan jarida.

Da yawanku za ku zauna a ɗakin labarai na rediyo, ko ku riƙa fassara fina-finai. Ina da shawara uku.

Ta farko, kada ku fassara hoton, ku fassara hukuncin. Mai sauraro a Gumel ko Maraɗi ba shi da abin yi da gasasshen burodi ko dafaffiyar dinya. Abin da yake so ya ji shi ne, mutumin nan tasa ta ƙare.

Ta biyu, ku auna nauyi da nauyi. Yaron da ya ce "I'm cooked" daren jarrabawa, "na kaɗe" ko "na shiga uku" ta ishe shi. Ɗan daba a fim da ya ce "You're dead meat", ku ba shi "yau sai buzunka". Mai sharhin siyasa da ya ce gwamna "is toast", a labaran ƙarfe bakwai sai ku ce yana ganin kwanakin gwamnan a mulki ƙidayayyu ne. Idan kuka sa maganar tasha a bakin mai karanta labarai kun zubar da mutuncin gidan. Idan kuka sa maganar fada a bakin ɗan daba kun kashe fim ɗin.

Ta uku ita ce mafi muhimmanci. Duk waɗannan kalmomi hasashe ne, ko da yake suna zuwa da muryar tabbaci. Osborne ya yi wa Theresa May jana'izar siyasa, ta ƙara shekara biyu a ofis. Masu son ƙwallo kuma sun san daren 25 ga Mayun 2005 a Istanbul, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai. An tafi hutun rabin lokaci AC Milan tana cin Liverpool uku da nema. Da a ce yau ne, da "cooked" ta cika wayoyi. Aka dawo, cikin kimanin minti shida Gerrard da Smicer da Alonso suka farke duka ukun, Liverpool ta ɗauki kofin a bugun fenareti. Saboda haka idan kun ci karo da irin wannan furuci a labari, ku tambaya, wa ya faɗa? Me ke tsakaninsa da wanda ya faɗa a kansa? Ku jingina maganar ga mai ita. Ku ce "tsohon ministan kuɗi, wanda ta taɓa sallama, ya ce", kada ku ce "ta tabbata". Mu da muka taso da sanin cewa gobe ta Allah ce, bai kamata a same mu muna shelar ƙarewar wani tun alƙalami bai bushe ba.

Kammalawa

Jama'a, mun bi kalmomin nan daga madafa zuwa gidan yari, daga titunan Landan na 1851 zuwa wayoyin da ke aljihunku. Ban zo in hana ku amfani da su ba. Harshe mai rai dole ya yi sara, kuma wanda ya iya sarar wani harshe ya shiga cikin gidan masu shi. Roƙona shi ne, duk sabuwar kalmar da kuka tsinta, ku yi mata tambaya uku kafin ta fita daga bakinku ko ta shiga rubutunku: me take nufi, nawa ne nauyinta, kuma wa ya dace ya ji ta daga gare ni? Sannan ina kira ga ɗaliban Hausa na wannan sashe da su ɗauki biro su tattara namu maganganun na wannan fage, na Kano da na Sakkwato da na Damagaram da na zangon Kumasi, su rubuta wanda ke faɗa da inda ake faɗa da shekarar da suka ji. Mun san tarihin "goose" ne saboda wani ya tsaya a titi ya rubuta abin da talakawa ke cewa. Namu ma yana jiran mai rubutawa.

  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, ya faɗi sunansa da ajinsa, bismillah.